Katsumi da Bututun Jirgin Surukinsa

Da cika baki yana gyara jirgin ruwa, da tuni babu sauran jirgi ko ɗaya a kan tudu a tasharmu, domin muna da Katsumi. Ni ce Tokie, mai shagon taliyar da ke kallon gangaren da ake jawo jirage. A kan idona aka yi komai, kuma ban ƙara wa labarin nan gishiri ba, da gishirinsa ya zo.

Katsumi ba ɗan teku ba ne, aure ne ya kawo mana shi daga wani gari can cikin duwatsu. Sana'arsa haɗa haƙoran roba, har ya yi ritaya. Rabin tsofaffin tsibirin nan da aikin hannunsa suke tauna, shi ya sa in sun cika shagona da rana sai ka riƙa jin ƙwas-ƙwas ta kowace kusurwa. Mu muka laƙaba masa Likita don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har in ka kira shi Katsumi sai ya yi kamar da wani kake.

Matarsa Fusae ƙawata ce tun muna yara. Babanta, Tsoho Ginji, yana da wani jirgin faiba, irin robar nan mai tauri, mai tafiya da iska da kuma inji, wanda ya raɗa wa sunanta, Fusae-maru. Ginji mutum ne mai taurin kan tsiya. Tun da Katsumi ya auri 'yarsa bai taɓa barinsa ya ɗora hannu a kan mariƙin tuƙi ba. In sun fita teku sai ya ce, "Je ka zauna can gaba, jirgin yana bukatar nauyi." Yana kuma da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya fita daga tasha sai da baya. Kowa zai juya hancin jirginsa ya nufi teku, shi kuwa sai ya sa giyar baya, yana tafe yana kallon gari, yana ɗaga wa mutane hannu, yana yi mini ihu in ajiye masa romo. Cewa yake wanda ya juya wa gida ƙeya bai yi niyyar dawowa ba.

Ginji ya rasu da sanyin bara. A al'adar tasharmu, in mai jirgi ya rasu, jirginsa yakan zagaya tsakiyar tasha sau uku ta hannun hagu, da ƙarfin injinsa, da iyalinsa a ciki. Ana yin haka ranar ƙarshe ta bikin Bon na farko bayan rasuwar, ranar da ake raka matattun da suka zo ganin gida. Sallamarsa ke nan da teku. Zagaye uku ta dama kuwa na murna ne, na sabon jirgi, ko aure, ko kamu mai yawa. Ko yaron goye a nan ya san hagu ta kuka ce, dama ta guɗa. In ba a yi wa mutum zagayensa ba, tsofaffi suna cewa zai yi ta gararamba a bakin gaɓa bai san hanya ba. Ko ka yarda ko kada ka yarda, Fusae dai ta yarda, har abin ya ramar da ita.

Ga kuma matsalar. Fusae-maru yana kan tudu tun kafin Ginji ya kwanta ciwo. Akwai wani bututun tagulla a ƙasan bayan jirgi, wanda sandar farfela take bi ta cikinsa daga inji ta fita ruwa. Ruwan gishiri ya cinye shi ya mai da shi rariya. Ka sa jirgin a ruwa a haka, kafin ka shanye kofin shayi ya nutse. Sai an yanke faibar da ke riƙe da shi, a ciro shi, a dasa sabo. Moriwaki mai gyaran jirage ne zai yi aikin, sai ciwon ƙugu ya kwantar da shi a asibitin babban gari, ga Bon yana ta ƙaratowa.

Wata rana Fusae tana zaune a shagona, ta tasa kwanon taliya a gaba ba ta ci, tana cewa ko dai a ɗauko wani makaniki daga babban gari. Sai Katsumi ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya gyara murya.

"Wane irin makaniki kuma ina raye? Haba Maman yara! Mene ne bututu a cikin rami in ba haƙori a cikin dasashi ba? Ka cire ruɓaɓɓe, ka share gurbi, ka dasa sabo. Abin da na tsufa ina yi ke nan, kuma a bakin mutum mai motsi da ihu. Jirgi ko cizo ba ya yi."

Iwao masunci, wanda shi da Katsumi ba sa haɗuwa ba su taɓa ba, ya ɗago kai daga kwanonsa ya ce, "Likita, in irin dashen da ka yi mini ne, ka haɗa wa jirgin da kofin da za a riƙa jiƙa bututun in za a kwanta."

"Kai bakinka ne karkatacce, ba aikina ba. Ƙarya ce ta lanƙwasa maka muƙamuƙi."

"Da ƙarya tana lanƙwasa muƙamuƙi, ai da naka ya zama ƙugiya na kama kifi da shi."

Aka kwashe da dariya, ban da Fusae. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, wannan fa ba abin wasa ba ne. Sallamar Baba ce."

Katsumi ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na sani. Bai taɓa yarda na iya komai a jirgin nan ba. Bari ya gani, ko daga can ne."

Gaskiya maganar ta taɓa ni, kuma na ga ta taɓa Fusae, domin shiru ta yi. Shi kuwa gogan naka ya ɗauki shirun nan izini ne.

Washegari sai ga shi ya fito cikin farar rigarsa ta aiki, da fitila ɗaure a goshi, da ɗan madubin nan mai dogon mariƙi da ake leƙa bayan haƙori da shi. Kafin ya gama zagaya jirgin yana gyaɗa kai, tsofaffi sun jawo kujeru sun yi layi a inuwar shagona. Ban taɓa cinikin shayin sha'ir mai sanyi irin na lokacin ba.

Aikin farko shi ne zare sandar farfela ta baya. To amma allon tuƙi, faifan nan da ke ƙarƙashin jirgi wanda mariƙi yake juyawa, ya tsaya mata a hanya. Katsumi ya hau jirgi, ya tura mariƙin iyakar turuwarsa zuwa gefe guda har allon ya kauce, ya ɗaure shi tamau da igiya. Ya leƙo ya ce mana, "Kun ga wannan? A wurinmu shi ake kira kawar da harshe." Ku riƙe igiyar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Ya kwance farfela, ya shiga ciki da guduma. Sandar ta ƙi motsi. Ya buga, ya buga, jirgi yana amsawa kamar ganga. Can sai muka ji ya yi wani nishi, ya maka mata da iyakar ƙarfinsa, sai ga sanda ta fito fit kamar kibiya. Ba ta zame ko'ina ba sai ƙafar ragar da Iwao ya shanya kifinsa a kai. Raga ta kife, magunan tasha kuwa kamar an aika musu goron gayyata.

Iwao ya taso yana kora da hula yana ihu, "Kifina! Likita, haƙori ka ce za ka cire, ba abincin bakina ba!"

Katsumi ya leƙo da kansa ya ce, "Ta fita ko ba ta fita ba? Ni abin da na sani ke nan. Wa ya ce ka shanya kifi a ƙofar ɗakin tiyata?"

Sai yankan tsohon bututu. Ya aro injin yanka, ya kwanta ƙarƙashin jirgi. Farar ƙura ta turnuƙe, har ba a ganinsa sai ƙafafu. Ya yanka nan ya ga bai yi daidai da can ba, ya ƙara can ya ga nan ya yi kaɗan. Bututun da kaurinsa bai wuce wuyan hannu ba, kafin rana ta faɗi an yi masa ramin da kan mutum zai shiga. Na san haka ne domin da na kai masa shayi, ta ramin ya miƙo hannu ya karɓa, muka gaisa ido da ido.

Na ce, "Likita, garin neman gira kada a rasa ido fa."

Ya ce, "Tokie, ke taliya kika sani. Ruɓa in ba a bi ta har saiwa ba, dawowa take."

Wanda bai taɓa shiga ƙurar faiba ba bai san ƙaiƙayi ba. Da yamma Katsumi ya nufi gidan wanka na unguwa yana susa kamar mai ƙazwa, ya faɗa cikin kwamin ruwan zafin da kowa yake shiga ba tare da ya cuɗa jikinsa sosai ba, abin da ko baƙo ba ya yi. Washegari duk mazan da suka yi wanka bayansa suka zo shagona suna susa a jere, hannu ɗaya da tsinke, ɗaya a gadon baya. Mai gidan wanka ya ce kada ya ƙara ganin ƙeyarsa sai bayan Bon.

Duk wannan bai rage masa komai ba. Ya ce yanzu sai ɗaukar awo, kuma shi ba ya awo da tef kamar tela. Ya kwaɓo garin nan mai ruwan hoda da ake cusa wa mutum a baki a ɗauki siffar dasashinsa, cikin bokiti, ya cusa a ramin, ya tura hannunsa har gwiwar hannu yana dannawa. Ya tsaya yana yi wa tsofaffi bayanin yadda ya taɓa yi wa wani ɗan kokawa haƙora. Labarin ya yi tsawo. Da ya zo zare hannu, hannu ya ce ina.

Ya ja, ya murɗa, ya yi murmushin yaƙe. Iwao ya matso ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Buɗe bakinka da kyau, Likita, kada ka motsa, yanzu za a gama. Ba haka kake ce mana ba?"

"Ba maƙalewa na yi ba, jira nake ya kama."

"Ai ya kama. Har da kai."

Rana ta take, ga yunwa. Ni na riƙa ba shi taliya a baki da tsinke, yana zuƙa yana gaya wa masu wucewa komai yana tafiya bisa tsari. Sai da na ƙarar da rabin kwalbar man suyata a hannunsa kafin ya fito sulɓ. Awon da aka samu kuwa, awon hannun Katsumi ne cif, har da shatin agogo.

Fusae tana tsaye tana kallo. Ta juya ta tafi rumfar babanta, ta dawo da wani abu naɗe cikin tsumma, ta ajiye a gabansa. Sabon bututu ne dal. Ta ce, "Baba ya riga ya saya kafin ya kwanta. Sakawa kawai ya rage."

Katsumi ya juya shi, ya leƙa cikinsa da ɗan madubinsa, ya ce, "Ba laifi. Irin wanda na yi niyyar sa a ƙero ke nan."

Ranar dashe ita ce babbar rana. Ya zura sabon bututu, ya mai da sanda cikinsa don su daidaita da inji, ya toshe ramin ta waje da katako. Saura gam ɗin faiba, wanda ake haɗawa da 'yan ɗigon wani magani ya daskare. Mai hankali kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa, yana shimfiɗa ƙyallen faiba yana shafawa. Katsumi ya ce wannan aikin masu tsoro ne. Ya cika bokiti, ya dubi kwalbar maganin ya ce tunda lokaci ya ƙure bari a ba shi ya ƙoshi, ya tuttule ta duka.

Yana cikin juyawa bokiti ya fara ɗumi. Daga ɗumi sai zafi, daga zafi sai hayaƙi. Ido ya raina fata. Ya sunkuci bokiti ya ruga cikin jirgi, ya cusa ƙyallayen yadda ya samu, ya juye gam ɗin gaba ɗaya a ƙurewar bayan jirgi kafin ya daskare masa a hannu. Gam ya malala ya cika kowane lungu na wurin. Hayaƙi ya fito ta ƙofa, wani ya buga ƙararrawar gobara, 'yan kwana-kwanan sa-kai suka iso da gudu, Iwao a gaba riƙe da mesar ruwa, fuskarsa cike da farin ciki.

Katsumi ya fito yana tari, da takalmi a ƙafa ɗaya, ya tare hanya da hannuwa. "Kada wanda ya zuba ruwa! Zafin nan shi ne alamar ya karɓa!"

Iwao ya ce, "Ina ɗaya takalmin?"

"Na bar shi a ciki don ƙarin ƙarfi."

Takalmin yana nan har yau, a daskare cikin gam kamar ƙuda a alewa. Daga ranar Katsumi ya kewaye bayan jirgin da tamfol, ya ce ba ya son a saci fasaharsa. Ya goge, ya yi fenti, ya mai da farfela. Igiyar nan da ya ɗaure mariƙi da ita kuwa bai kwance ba, sai ma ya naɗe ta da farin ƙyalle, wai ba za a taɓa mariƙin Ginji ba sai ranar sallama. Kowa ya ce wannan kam ya yi tunani.

Ranar ƙarshe ta Bon ta zo da zafinta, ko ganye ba ya motsi, teku kwance lumui. Da la'asar gari ya hallara a bakin gaɓa cikin baƙaƙen kaya. Malamin ɗakin ibada ya kafa ɗan teburinsa, ya kunna turare. Can gefe ga babbar gangar da za a yi rawar Bon da ita in an jima, Tsoho Sahei makaɗi yana zaune kusa da ita. Sahei idonsa garau ne, kunnen ne dai ya riga shi yin ritaya.

Fusae ta ce in shiga jirgin tare da su in riƙe furanni, tunda Ginji uba ne a wurina ni ma. Ita ta rungume hotonsa. Aka sassauta wayar da ke riƙe da jirgi, ya gangara, ya zauna a kan ruwa. Katsumi ya shiga ciki da fitilar goshinsa, ya daɗe, sannan ya fito ya ɗaga busasshen tafin hannunsa sama.

"Ko ɗigo!"

Abin mamaki, gaskiya ya faɗa. Ni ma na leƙa, wurin a bushe yake ƙayau. Fusae ta sauke wata ajiyar zuciya da na ji har cikin raina, mutanen gaɓa suka riƙa gyaɗa kai. Katsumi kuwa ƙirji ya yi gaba, har da rusuna wa jama'a ta kowane ɓangare.

Iwao ya ɗaura mu a gefen jirginsa ya ja mu zuwa tsakiyar tasha. Yana ja yana waiwaye. Ya ce, "Likita, me ya sa jirgin nan yake tafiyar kaguwa?"

"Kai ne ba ka iya ja ba. Kwance mu ka matsa, ka ga tuƙi."

Iwao ya kwance ya matsa gefe. Malam ya fara karatu. Katsumi ya tayar da inji, ya warware farin ƙyallen, ya kwance igiya, ya ɗora hannu a kan mariƙin da ya yi rabin rayuwarsa yana kallo daga nesa. Ya sa giyar gaba.

Jirgi ya ɗauki dama.

Katsumi ya ja mariƙi. Ko gezau. Ya sa hannu biyu. Ko gezau. Ashe gam ɗin nan da ya malala ya bi har inda ƙarfen allon tuƙi yake ratsa jirgi, ya daskarar da shi a karkace, daidai yadda aka ɗaure shi tun ranar farko. Ba igiya ce take riƙe da shi ba, aikin Likita ne.

Fusae ta ce a hankali, "Baban yara, hagu."

"Na sani, ɗumama inji nake."

"Hagu, Baban yara!"

Muka rufe zagaye na farko ta dama, tsaf, kamar an zana da kwano. Karatun malam ya fara sarƙewa. Mata suka rufe baki da hannu. Tsoho Sahei kuwa da ya hango jirgi yana zagayen dama, jikinsa bai tsaya tambayar kowa ba, ya miƙe ya rarumi sanduna ya sakar wa ganga kiɗan murna, yana tambaya da ƙarfi, "Wa ya yi aure? Ba a gaya mini ba!" Sai da mutum biyu suka riƙe masa hannuwa.

Muka shiga na biyu. Kaina ya fara juyawa, furanni suna zubewa. Iwao yana ihu daga jirginsa, "Kashe inji, Likita! In ka cika uku ka yi wa surukinka guɗar mutuwa!"

Ni ma na ce, "Katsumi, don girman tsohon nan ka tsaya!"

Ina! Kunya ta riga ta toshe masa kunne. Ya ce, "Ɗan tauri ne kawai, na cire turamen da suka fi wannan!" Ya tokare ƙafa da bangon jirgi, ya kama mariƙi, ya ja da duk abin da ya rage masa a duniya, daidai lokacin da muka rufe na biyu muka kama na uku. Sai ji muka yi ƙaras! Mariƙi ya karye daga gindi, Katsumi ya yi baya da shi a hannu, ƙafafu a sama, sai cikin ruwa tsundum.

Fusae ta yi wuf ta fitar da giya. Jirgi ya ɗan ƙara gaba, ya tsaya, bai kai ga cika na uku ba. Iwao ya saƙalo Katsumi ta wuyan riga da ƙugiyar jan jirgi, ya jawo shi cikin nasa jirgin kamar wani babban kamu.

Inji yana nan yana bugawa. Fusae tana tsaye da hoton babanta, hawaye yana bin fuskarta. Ba mariƙi, allo a daskare, rana tana shirin faɗuwa, kuma janye jirgi da igiya ba ya zama sallama. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Katsumi a lokacin ba.

Ta daɗe tana kallon hoton. Can sai na ji ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. Ta miƙo mini hoton ta ce, "Riƙe shi, Tokie, ki juya fuskarsa wajen gari." Ta kama giya ta ja ta baya.

Jirgi ya yi ɗan jim, sannan ya fara ja da baya. Da yake allon yana nan a karkacensa, sai ya bi sawun da'irar da ya zana ɗazu, amma yanzu yana komawa ta inda ya fito. Ta hagu ke nan. Mutanen gaɓa suka fara nuni da hannu. Iwao ne ya fara ganewa, ya yi ihu, "Hagu ce! Fusae, ki warware na Likita tukuna, sannan a fara na Tsoho!"

Haka aka yi. Sai da ta warware duk abin da mijinta ya naɗa, sannan malam ya gyara zama ya ɗauko karatunsa daga farko. Fusae-maru ya zagaya tasha sau uku ta hagu, a hankali, da baya, ba kowa a kan tuƙi. Da muka gifta kusa da gaɓa a zagayen ƙarshe, na ji muryar Tsoho Sahei, wanda bai san yadda ake magana a hankali ba.

"Af, Ginji ne! Ku dube shi, har yau ya ƙi juya mana ƙeya. To baɗi ma yana nan tafe."

Nan fa wanda bai yi kuka ba ya yi. Ni da na riƙe hoto ban ma iya share fuskata ba, ina ta tuna ihunsa na in ajiye masa romo.

Da aka jawo mu gaɓa, Katsumi yana zaune a kan wani akwatin kifi, ruwa yana ɗiga daga baƙar rigarsa, har yanzu yana ƙanƙame da karyayyen mariƙi. Jama'a suka kewaye shi. Ya miƙe zai yi jawabi, sai muka ga bakin ya shige ciki. Ashe haƙoransa, su ma aikin hannunsa, sun zauna a ƙasan tasha. Duk da haka bai fasa ba. Cikin iska da miyau muka tsinci abin da yake faɗa: wai da gangan ya daskarar da allon, don ya san Tsoho ba zai so a fitar da shi ta gaba ba.

Iwao ya zaro nasa daga baki ya miƙa masa ya ce, "Ungo, Likita, ara ka ƙarasa. Ƙarya irin wannan ba ta fita da dasashi."

Aka fashe da dariya, har malam sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Katsumi ya dubi matarsa, dariyar kowa ba ta dame shi ba sai abin da za ta ce.

Na ɗauko tawul a shago, Fusae ta karɓa daga hannuna, ta yafa masa a ka, tana goge masa gashi kamar yaro. Ta ce, "Bututun dai bai yi yoyo ba, wannan kam aikinka ne, kuma da shi Baba ya tafi."

Katsumi ya ɗago jajayen idanu, ya ɗan ɗaga mariƙin kamar zai ba ta haƙuri da shi. Ta mayar masa da shi kan cinyarsa, ta danne hannunsa a kai.

"Yana raye bai bar ka ka tuƙa ba, yau ma bai bari ba. Amma ga shi ya bar maka mariƙin."